Agogon Kwamfutarka Ya Rikice? Riƙe Kuɗinka Tukuna

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon yawancinsu kukan agogo ne, na kwamfuta da na waya da na masallaci, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar firij da janareta ku yi haƙuri, layinku na zuwa. Na rage tsawon wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Ta farko daga wata uwa ce a unguwar Nima da ke Accra, nan Ghana:

"Malam, adashina na kwasa na saya wa 'yata laftof ta hannu a Circle saboda karatun jinya da take yi. Ko wata uku ba a yi ba, yanzu duk shafin da ta buɗe sai ya ƙi, a rubuto mata wai Your clock is behind. Mai gyara ya ce bod ne ya tafi, in kawo sidi 900 ko in nemi wata. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Cutata aka yi ne?"

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa yarinyar ta gama lafiya ki ci moriyarta. Ki kwanta ki yi barcinki. Kwamfutar da bod ɗinta, wato babban faifan da kayan cikinta ke manne a kai, ya mutu galibi ko fitila ba ta kawowa, balle ta buɗe shafi har ta yi miki Turanci. Taki kuwa da bakinta ta faɗi ciwonta, ta ce agogona ne ke baya. Ki sa yarinyar ta dubi kusurwar dama ta ƙasan allo, inda lokaci da kwanan wata suke. Zan yi mamaki in ba ta tarar da wata shekara da ta daɗe da shuɗewa ba.

Duk shafi mai tsaro, na banki ne ko na makaranta ko na Google, yana da wata takardar shaida da yake miƙa wa kwamfuta kafin su fara hulɗa, kuma a jikinta akwai ranar da ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Ita kwamfuta ba ta da wanda za ta tambaya yau nawa ga wata sai agogon cikinta. In agogon ya ce mata ana 2012, takarda kuma ta nuna bana aka bayar da ita, sai ta ce wannan ƙarya ce, ta rufe ƙofa. Gadi take yi muku, kuma daidai ta yi.

Shi kuma agogon, wani ɗan batiri ne mai siffar kwabo ke riƙe da shi duk lokacin da kwamfutar take kashe. Masu gyara suna ce masa batirin CMOS. Yakan yi shekaru yana aiki, to amma ki duba tafiyar da irin waɗannan kwamfutoci ke sha: ta gama hidimarta a wani ofis a Turai, ta zauna a sito, ta hau jirgin ruwa ta sauka Tema, ta sake zaman jiran mai saye a shago. Batirin ya ci rabonsa tun kafin ta zo hannunki. Wannan kaɗai bai isa a ce mai shagon ya cuce ki ba, ko da yake ɗan kasuwa mai tsoron Allah yakan canza shi kafin ya sayar.

Ga gwajin da ba zai ci miki ko pesuwa ba. A gyara kwanan wata da lokaci da hannu, za ku ga shafuka sun buɗe nan take. Sai a kashe intanet, a kashe kwamfutar ɗungurungum, a zare caja, in babban batirinta mai fita ne a cire shi, a bar ta ta kwana haka. Da safe a kunna. In ta koma tsohuwar shekararta, magana ta ƙare. Kada ku buɗe ta a gida, don na laftof yakan zo a naɗe cikin leda da 'yan wayoyi biyu, a can ƙarƙashin kibod ko bayan bod. Ki kai wa wani mai gyaran daban. In kin je kada ki ce masa "duba mini ita", daga nan ake fara yanka mutum. Ki ce "canza mini batirin CMOS", ku gama ciniki kafin ya kama sukurdireba, ki zauna a gabansa har ya gama, ki karɓi tsohon ki gani da idonki. Kuɗin batiri da ladan aiki duka ba za su kusanci abin da na farkon ya nema ba.

Mai shagon buga takardu da cike fom a Madina ta Accra ya ce kwamfutocinsa huɗu ne, kowacce da nata lokacin, wata ta yi gaba da minti uku, wata ta yi baya da biyar. Wani yaro ya yi masa tayin manhajar da za ta daidaita su, sidi 50 kan kowace kwamfuta. Yana tambaya ko ya biya.

Ɗan'uwa, ko sisi kada ka ba shi. Abin da yake so ya sayar maka yana nan zaune cikin Windows ɗinka, kyauta, kunnawa kawai ya rage.

Saɓanin da kake gani ba ciwo ba ne. Agogon cikin kwamfuta da wani ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz yake ƙirga lokaci, irin na agogon hannu, wanda ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Abu ne mai araha, da wuya ka sami biyu da suka zo daidai wa daida, zafi kuma yana sauya masa tafiya. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini ba abin mamaki ba ne, ka tara na wata guda ka ga ya doshi minti. Shago mai rufin kwano, ga injin fotokofi na huci tun safe, ai dole.

Agogon da duniya ta dogara da shi na atom ne. Tun 1967 aka amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da atom ɗin siziyam ke fitarwa. Irin waɗannan agoguna suna cibiyoyin awo na manyan ƙasashe da cikin taurarin GPS. Akwai kwamfutocin da ke jone da su kai tsaye, su ne hawa na farko. Su ke ba na hawa na biyu, na biyu su ba na uku, har abin ya gangaro kan teburinka a Madina. Tsarin da ke wannan rabo sunansa NTP. David Mills, wanda ya shafe shekaru yana koyarwa a jami'ar Delaware a Amurka, shi ya fitar da shi a 1985, ya rasu a 2024 ya bar wa duniya kyauta. Mai abu bai nemi sidi 50 ba, sai yaron unguwarku.

Dabarar tana burge ni. In ka tambayi na nesa ƙarfe nawa, kafin amsarsa ta iso lokacin ya riga ya gota. To sai kwamfutarka ta rubuta lokacin da ta aika tambaya, ta can ta rubuta lokacin da tambayar ta iso da lokacin da ta mayar da amsa, taka ta sake rubuta lokacin da amsar ta shigo. Da lambobin nan huɗu ake gano tsawon zuwa da dawowa, a raba biyu, a cire jinkirin hanya. Ko da intanet ɗinmu na yau da gobe, kuskuren da ke saura ɗan yanki ne na daƙiƙa.

A Windows 10 ko 11 ka shiga Settings, ka nemi Time & language, sai Date & time. Ka kunna Set time automatically, ka danna Sync now. Shi ke nan. Windows zai tambayi time.windows.com, in wannan ya yi maka gardama ana iya sauya shi ta Control Panel da time.google.com, ko pool.ntp.org wanda tarin kwamfutocin 'yan sa-kai ne a faɗin duniya. Datar da yake ci ba za ka ma lura da ita ba. In ya ƙi, duba tazarar: idan ta wuce awa 15 Windows yakan ƙi amincewa da gyaran, sai ka fara matso da agogon kusa da hannunka sannan ka danna. Wasu layukan ofis da na makarantu kuma suna toshe ƙofar da NTP ke bi, mai lamba 123. Ka gwada da intanet ɗin wayarka, in ya yi ka san daga inda matsalar take.

Kuma kada ka raina minti biyar a sana'arka. Ranar da za a rufe fom ƙarfe sha biyun dare, agogon masu fom ake bi. In naka yana baya, kana nan kana kurɓar shayi kana cewa da sauran lokaci, ɗan mutane ya rasa shekara.

"Kwamfutata lafiya lau tun Disamba, sai a ƙarshen Maris ta ƙara awa ɗaya da kanta. Na gyara, ta koma. Abokina ya ce kutse aka yi mini, kakata ta ce a kai a yi mata tofi. Ko in sayar in huta?" Wani saurayi ke nan daga Sabon Zango.

Kai ɗana, wane ɗan kutse ne zai bar kuɗin MoMo ɗinka ya tsaya wasa da agogo? Ka gaishe mini da kaka, ka ce ta ajiye maka tofin sai lokacin jarrabawa. Kwamfutarka tana zaton har yanzu a Landan take. Ingila na tafiya daidai da mu a lokacin sanyinsu, amma ranar Lahadin ƙarshe a watan Maris suna tura agogo gaba da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe a Oktoba su dawo. Mu a Ghana ba ma wannan, GMT muke bi shekara duka, layin Greenwich ɗin ma ta Tema ya ratsa ya faɗa teku. Intanet lokacin duniya kawai yake ba kwamfuta, ita ce ke ƙara awa ko ta rage gwargwadon shiyyar da aka ce mata tana ciki, don haka ko ka kwana kana danna Sync now ba abin da zai sauya. Ka shiga Time zone. Ba za ka ga Accra a jerin ba, kada ka wahalar da idonka, ka zaɓi wanda aka rubuta Monrovia, Reykjavik. Mai Dublin, Edinburgh, Lisbon, London shi ya jefa ka cikin wannan. West Central Africa ma ka bar shi duk da ya yi kama da namu, na Najeriya da Nijar ne, suna gabanmu da awa guda. Masu fatauci su riƙe: Lome da Wagadugu da Abidjan lokacinmu ɗaya, daga Kwatano zuwa Legas da Kano da Yamai a ƙara awa ɗaya, Makka awa uku.

Yanzu ga wadda ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Wani malamin Islamiyya a Fadama ya rubuto cewa sau biyu ke nan yana canza batirin kwamfutar ofishin makaranta cikin wata shida, kullum sai ta koma mantuwa. A wajen masu talla a bakin titi yake sayen kati mai guda biyar, don a shago kuɗin guda ɗaya ya fi na katin duka. "Ba duk batiri batiri ba ne?" in ji shi.

Allah gafarta Malam, da girmanka, amma a'a. Kai da kanka ka kawo hujjar: guda biyar sun fi guda ɗaya araha, biyu daga ciki sun mutu cikin wata shida, alhali na kirki shekaru yake yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sunan da ke jikin kati, Panasonic ne ko Maxell ko Energizer, ba shi ne shaida ba, don buga suna a kwali ya fi komai sauƙi ga masu jabu. Abin da ke yawo a tire iri-iri ne. Akwai jabu tsantsa. Akwai na gaske wanda wa'adinsa ya wuce, ko ya yi watanni yana gasuwa a ranar Accra har ƙarfinsa ya zube. Akwai kuma wanda aka ɓalle daga matattun kwamfutoci a wajen 'yan bola, aka goge da tsumma aka mayar cikin leda. Ka ɗauki katin ka kawo shi kusa da ido. Launin kwalin ya koɗe? Ledar ta ɗago a gefe, ko da alamar gam? A fuskar batirin akwai ƙarce ko shatin yatsa, ko wani farin gari a bakin da'irar? Rubutun da aka zana a ƙarfen ya karkace ko ya yi dishi-dishi? Babu ranar ƙarewa a bayan kati? Ko ɗaya ka gani, ajiye masa kayansa. Mai gyara na kirki yana da mita. Sabon batiri yakan nuna sama da bolt 3, wajen 3.2 ko 3.3, wanda aka ɓare yanzu ya kasa kai 3 kuwa gawa ce. Mitar ma ba kowane ɓarawo take kamawa ba, akwai jabun da zai nuna lamba mai kyau yau ya zube bayan wata biyu.

Sai wata cutar da ake yi ido na ganin ido. Na kwamfutar teburi galibi CR2032 ne, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi amma sun fi shi siranta, abin da ke cikinsu bai kai nasa ba, kuma sukan yi sako-sako a mazaunin. Mai talla zai ce maka duk ɗaya ne, don shi ke hannunsa. Ka ciro tsohon ka karanta lambarsa, ka sayi irinsa sak.

Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne inda muke kai tsumulmularmu. Mutum zai sayi kwamfuta ta dubban sidi, ya saya mata jaka, ya manna mata sitika, sannan ya tsaya yana jayayya a kan batirin da zai riƙe ta shekaru. In biki ya tashi a Zango ba wanda ke neman ragin atamfa, amma abin da aikin makaranta ya rataya a kansa sai a nemi na tire. Kuma shi wannan mutumin dai, ranar da mai gyara ya haɗe fuska ya ce bod ne, zai zaro ɗaruruwa ya miƙa ko tambaya ɗaya babu. Ka zauna ka yi lissafin arahar: kuɗin trotro zuwa da dawowa, ladan mai gyara sau biyu, yinin da aka rasa, takardun sakamakon yara da suka fita da kwanan watan da ba shi ba. In laftof ce ma, duk buɗewa sai wani ɗan maƙalli ya karye. Haka muke yi da caja, haka muke yi da wayar wuta, haka da maganin ciwon kai, muna biya sau uku muna murna mun iya ciniki. Masu kawo jabu ba wayo suka fi mu ba, sun dai gane ba abin da muke tambaya sai "nawa ne?" Wannan batirin kuma shi ke cikin makullin mota da sikeli da yawancin na'urorin awon sukari. Ranar da ta mai ciwon sukari ta ƙi kunnuwa yana tsananin buƙatarta, a lokacin za a san kuɗin araha.

Ka sayi guda ɗaya tak, a shagon da ke da ƙofa da rasit, wanda in ka dawo gobe za ka same shi inda ka bar shi. Ta teburi ba sai an kai wa kowa ba. A zare wayar wuta daga bango, a buɗe murfin gefe, za ka hango shi yana ƙyalli a kan bod. Akwai ɗan ƙarfe a gefen mazauninsa, ka tura shi da farce batirin zai yi tsalle ya fito. Sabon kuma fuskar da ke da alamar + ce ke kallon sama. Bayan nan a gyara kwanan wata sau ɗaya. Ka kuma sani muddin kwamfutar teburi tana jone da wuta, ko a kashe take, daga bango agogon ke ci, sai an ɗauke wuta ko an kashe soket yake komawa kan batiri. Da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, da dogon hutun makaranta, namu batiran suna shan aiki. In ka sa na gaske ya sake mutuwa cikin 'yan watanni, to a lokacin ne za a fara zargin bod.

Tsohon da ka cire da sauran ukun da ke cikin katin, don girman Allah kada su kwana inda hannun yara ke kaiwa, ballantana a makaranta. Yaro in ya haɗiye shi, yana iya maƙalewa a maƙoshi ya ƙona naman wurin cikin awa biyu, kuma wanda ya gaza riƙe agogo ma yana iya yin ɓarna. Ba a jira, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja. Asibiti kai tsaye, a faɗa musu abin da ya haɗiya. Kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, yana fashewa.

Wata ma'aikaciya daga Newtown ta ce ta saba tura agogon wayarta gaba da minti goma don kada ta makara aiki, yanzu lambobin sirrin da manhajar Authenticator ke ba ta duk an daina karɓa. Ko wayar ce ta tsufa?

Wayarki ƙalau take, 'yar'uwa. Lambobin nan daga lokaci ake lissafo su, suna sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma dole agogonki da na wancan ɓangaren su zo ɗaya. Ke kina miƙa musu lambar da sai nan da minti goma za ta yi aiki. Ki mayar da wayar kan lokacin atomatik ta riƙa karɓa daga layin MTN ko Telecel ko AT, duk wanda kike kai. Dabarar minti goman ki kai ta agogon bango, ko da yake tun da kin san da ita ban ga wanda take ruɗa ba. Masu mayar da kwanan watan kwamfuta baya don manhajar gwaji ta ci gaba da aiki, ku ma ku ji: imel zai ƙi, shafin banki zai ƙi, rasit ɗin shagonku zai fita da ranar bara, sannan ku zo kuna tambayata wace kwamfuta ce mai kyau.

Daga Kumasi, wani dattijo a kwamitin wani masallaci a Aboabo ya ce suna so su sayi agogon lantarki mai nuna lokutan salla, kuma azumin da ya wuce an yi ta ce-ce-ku-ce a kan shan ruwa, don ladan yana bin jadawalin da aka aiko masa daga Accra.

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri. Hukunci na malamai ne, ni lissafi kawai zan kawo. Agogon Accra da na Kumasi ɗaya ne, amma faɗuwar ranarsu ba ɗaya ba ce. Duk digiri ɗaya da aka matsa yamma, rana na jinkirin faɗuwa da minti 4, Kumasi kuwa tana yamma da Accra da kusan digiri ɗaya da rabi. Wato rana na faɗuwa a wajenku bayan ta Accra da wajen minti 6, ya ɗan ƙaru ko ya ragu gwargwadon watan da ake ciki. Wanda ya sha ruwa a Aboabo da jadawalin Nima ya yi gaggawa. Masu gardamar suna da gaskiya.

Wajen saye, kada ƙyalƙyalin fitilu da daɗin muryar kiran salla su ɗauke muku hankali. Ku sa mai shago ya kunna a gabanku ya nuna muku Kumasi a jerin garuruwa, ko inda ake shigar da lambobin wuri da hannu. Ku zare shi daga wuta na ɗan lokaci ku mayar, ku ga ko ya riƙe lokaci ko ya koma sifili. Wanda ba ya jure ɗaukewar wuta bai dace da ƙasar nan ba. Ku tambayi Liman wace hanyar lissafi za a zaɓa, don a asuba da lisha hanyoyin sun saɓa da mintuna. Sannan da yawa daga cikin waɗannan agoguna ba sa hawa intanet, kwaz ne kamar kowane agogo, suna zamewa a hankali. A ɗora wa matashi guda nauyin gwada shi da wayar da ke kan lokacin atomatik duk Juma'a. In aka ce aikin kowa ne, ba mai yi.

Hajiya mai shagon atamfa a Maamobi, an shiga shagonki, Allah ya mayar da alheri. Kin ce kyamara ta ɗauki ɓarawon amma lokacin da ke jikin hoton ya saɓa da awa takwas, kina tsoron 'yan sanda za su ƙi karɓa. Hoton bai lalace ba. Yawancin waɗannan na'urori a Sin ake ƙera su, Sin kuma tana gabanmu da awa 8, alamu sun nuna wanda ya haɗa miki ne bai sauya shiyya ba. Kada kowa ya taɓa saitin yanzu. A fara kwafe bidiyon a filasha, sannan a ɗauki hoton allon na'urar da wata waya a gefensa tana nuna lokacin gaskiya, don a iya nuna tazarar. Bayan haka a kira wanda ya haɗa, ya sa shiyyar GMT, ya kunna NTP in na'urar na jone da intanet. Cikon aikin da kika riga kika biya ne, kada ya ce miki sabon kuɗi.

Ta ƙarshe daga Ashaiman. Ɗan'uwansa a Jamus zai aiko masa da agogon bango mai saita kansa ta rediyo, wai ba ya kuskure har abada, shi kuma zai biya kuɗin dako. Ya karɓa?

A Jamus ne ba ya kuskure. Irin wannan agogo wata tasha yake saurare mai suna DCF77 da ke kusa da Frankfurt, siginarta na kaiwa kimanin kilomita 2,000. Tsakaninmu da can ya ninka haka fiye da sau biyu. Na Ingila da na Amurka ma kowanne da tasharsa, ba wadda aka yi don ta iso nan. A Ashaiman zai zama agogon kwaz kamar na Makola, wani ma ya yi ta neman tashar da ba zai samu ba, batiri na ƙarewa. In bai saya ba, ya bari. In ya riga ya saya, ka tambaye shi ko ana iya saita shi da hannu. In ba a iyawa, kada ka biya dakon.